Fankam-fankam ba shi ne kilishi ba

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata 'yan kasuwa, na nan Jidda da na Makka da masu bibiyata daga gida. Kun san ba ɗabi'ata ba ce in fito ina amsa magana. Amma tun daren Alhamis zance yake ta dawo mini, kowa da bakin da zai kawo shi, har wata kwastomata ta Kaduna sai da ta kira tana tambayar ko lafiya. To tunda ya tsallaka Bahar Maliya, bari in amsa a inda kowa zai gani. Ban kama sunan kowa ba. Wadda ta tsargu ita ta san abin da ta faɗa a wajen walima, tana miƙa wayarta hannu-hannu ana kallon shafin shagona na intanet.

Wai shafin nawa kamar takardar asibiti. Wai babu ado, babu allo a samansa, daga buɗewa sai abaya da farashi. Wai duk shagon da ba a ɗora wa ƙaton hoto a ka ba, mai shi ba ta shirya kasuwa ba, a yi hattara kafin a tura mata kuɗi.

Na farko da na biyu ba su dame ni ba, kowa da abin da idonsa ke so. Na ukun ne ya sosa mini rai, domin amanata aka taɓa. Mu da ke nan muna sayar wa mutanen da ba su taɓa ganin fuskarmu ba, mace tana Kano ko Maraɗi ta turo kuɗinta ta zauna jiran kago, ba mu da wani jari da ya wuce amana.

Baiwar Allah, allon nan da kike taƙama da shi na riga ki yi. Lokacin da na buɗe shafina a Salla, kamfanin nan mai buɗe wa 'yan kasuwa shagon intanet da ya fara a Makka a 2016, ni ma na biya mai zane ya haɗa mini nawa. Ruwan zinare, jinjirin wata, sunan shago da Larabci da boko, hotuna huɗu suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. A wayata, da intanet ɗin gida, abin gwanin sha'awa. Sai na tura wa gwaggona da ke Fagge don ta sa albarka. Can sai ga kiranta: "'Yar nan, shagon naki a rufe yake ne? Na daɗe ina kallo, fari fat, ba komai." Ta jira har ta gaji, datarta tana tafiya, ko abaya ɗaya ba ta gani ba. Gwaggo ta jira ne don ni 'yarta ce. Baƙuwa wa zai riƙe ta?

Na ɗauka wayar Gwaggo ce. Sai da aikin Hajji ya zo na gani da idona a Misfala, inda alhazanmu suke cika masaukai. Wata Hajiya ta buɗe shafin a gabana, jama'a ta yi yawa sabis ya yi nauyi, allon yana saukowa kaɗan-kaɗan daga sama kamar ana zare tabarma. Da ya gama fitowa ya cinye fuskar wayar gaba ɗaya. Ta dube ni ta ce, "To ina kayan?" Ba ta san ana jan shafin sama ba, kuma ba laifinta ba ne. Abin da ta zo nema Ajwa ne da turaren wuta na tsaraba, ni kuma na tare mata ƙofa da sunana.

Daga nan na yi gwaji. Shafi biyu, kaya iri ɗaya, farashi ɗaya, ɗaya da allo ɗaya babu. Rabin masu tambaya a WhatsApp na ba su wannan adireshin, rabi wancan, na tsawon mako biyu, ina rubuta kowace oda a littafi. Wanda babu allo shi ya fi kawo ciniki, kuma tazarar ba ta jayayya ba ce. Abin da ya fi ba ni mamaki ma, tambayar "nawa ne?" ta ragu ƙwarai, domin farashin yana gaban mutum tun buɗewar farko. Ranar na sauke shi, ban sake waiwayarsa ba.

Kuma ba ni na fara gano wannan ba, kada a ce son zuciya ne. Tun 1998 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Rice ta Amurka, Benway da Lane, suka nuna cewa idon mai karanta shafi yakan tsallake duk abin da ya yi kama da allon talla, kome girmansa da ƙyalƙyalinsa, ko da abin da yake nema yana ciki. Makantar allo suka kira abin. A 2016 Google ya fitar da cewa kashi 53 cikin 100 na masu buɗe shafi a waya sukan fice idan ya wuce daƙiƙa 3 bai buɗe ba. Daƙiƙa 3, Hajiya, ko sallama ba a gama amsawa ba. Su kuma hotunan nan masu juyawa da kike cewa su ne wayewa, wani ma'aikacin Jami'ar Notre Dame mai suna Erik Runyon ya ƙirga na shafinsu a 2013, ya tarar kusan mutum 1 cikin 100 ne ke taɓa su, kuma mafi yawan masu taɓawar hoton farko suke dannawa. Na biyu da na uku da na huɗu, kuɗin zanensu kawai aka yi asara.

Ke da kika tashi a garin nan, ki tuna Balad, tsohon garin Jidda. Ki shiga Suƙ Alawi ki duba mai dabino. Me ke tsayar da ke a gabansa? Tiren Sukkari na Ƙasim yana sheƙi, Ajwar Madina a jere, ya miƙo miki ɗaya ki ɗanɗana. Allon sunansa yana can sama, ƙarami, wasu ma ya koɗe, ba wanda ya ɗaga kai. Da zai kawo allon ya gicciya shi a bakin ƙofa, sai an sunkuya an zagaya kafin a ga dabino, da maƙwabcinsa ya gode masa. Haka 'yan Kantin Kwari suke, atamfa ce a gaba. Fuskar waya kuwa ba ta kai tafin hannu biyu ba. Nan ne bakin ƙofar taki, duk abin da kika ajiye a wurin kin ture wani abu ƙasa.

Kada kuma gobe a ce na ce hoto haramun ne a kasuwa. Ni da hoto nake ci. Ba mai sayen abaya ba ta ga zubin yadin ba, ba ta ga aikin hannun riga ba. Abin da ke saman shafina ma hoto ne, amma hoton kayan da zan sa a kwali in aiko miki, an rage masa nauyi yadda zai buɗe ko a ƙauye, ga farashi a ƙarƙashinsa, ga wurin dannawa a yi oda. Ko mutanen Obama, da suke neman magoya baya a shafinsu a ƙarshen 2007, sai da suka gwada hotuna da bidiyo kala-kala. Ma'aikatansa bidiyo suka fi so, amma hotonsa da iyalinsa ne ya yi nasara, da aka haɗa shi da sabon rubutu a wurin dannawa masu rajista suka ƙaru da kusan kashi 40 cikin 100. Hoto ya yi musu aiki domin sun auna, ba su bi abin da ya burge su ba. Ke kin taɓa aunawa? Ko yabon ƙawaye a ƙarƙashin hoto kike ƙirgawa a matsayin ciniki? "Masha Allah, ya yi kyau" ba ya biyan kuɗin haya.

Batun amana kuma, tunda can aka nufa. Dokar kasuwancin intanet ta ƙasar nan, wadda ta fara aiki a 2019, ba ta ce a sa allo ba. Cewa ta yi mai shago ya bayyana sunansa da yadda za a same shi da rajistarsa, ya faɗi cikakken farashi har da kuɗaɗen da ke biye, kuma mai saye yana da kwana 7 na fasa ciniki idan bai yi amfani da kayan ba, ban da wasu kaya da aka keɓe. Duk waɗannan suna shafina, kowa ya je ya duba. Akwai shafin da na sani, zinare har yana kashe ido, amma farashi sai an "shigo ta ciki", kuma abin da za a gaya wa Bahaushiyar Jidda daban, na alhajiyar da ta zo daga Gusau daban. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Abin da ya sa na kasa yin shiru shi ne yaran nan. 'Yan mata biyu daga unguwar Karantina sun same ni a wata guda, kowace ta tara 'yan riyalolinta da ƙyar, ɗaya da kitso ɗaya da ƙunshi, an karɓi kuɗinsu an koya musu cewa kafin komai sai allo. Suka kai rabin jarin wajen mai zane, suka dawo babu abin sayen kaya. Ɗayar tana kuka a falona, shafi ya yi kyau, abaya uku ce kacal a ciki. Wallahi wannan ya fi zagin da aka yi mini ciwo. Ƙannena, duk wadda ke shirin farawa, ki sayi kaya tukuna. Ki ɗauki hotonsu da safe kusa da taga, ki rubuta farashi, ki tura wa wata 'yar'uwa a gida mai ƙaramar waya ta buɗe, ki tambaye ta abin da ta fara gani da tsawon lokacin da ta jira. Wannan ba ya cin ko halala ɗaya. In kin rasa mai duba miki, ki turo mini, zan duba kyauta.

Saura magana ɗaya, Hajiya. A cikin hotuna huɗun da ke juyawa a saman shafinki, na ukun, hannun da ke riƙe da kaskon turare, hannuna ne. An yanke tambarina daga gefe amma an manta da zoben, na mahaifiyata ne, Allah Ya ji ƙanta, duk dangi sun san shi. Ban ba kowa izini ba. Ina so a sauke shi kafin Juma'a.