Lorna Cordeiro da shekarun da aka raba ta da waƙa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa yana kallon finafinan Indiya ya sha jin aikin mutanen Goa, ko da kuwa bai taɓa jin sunan wurin ba. Goa ƙaramar jiha ce a gaɓar tekun yammacin Indiya, wadda Turawan Fotugal suka mulka tun daga 1510 har zuwa watan Disamba na 1961, kuma a makarantun cocinta ne yara suka koyi karanta rubutun kiɗa da goga goge da busa ƙaho irin na Turawa. Da suka tafi Bombay neman abinci, su ne suka cika ɗakunan naɗar waƙoƙin fim. Ko sunan Anthony Gonsalves da Amitabh Bachchan ya ɗauka a wani fim na 1977, sunan wani makaɗin Goa ne wanda ya koya wa Pyarelal, mai tsara kiɗan finafinai, goge. A cikin waɗannan baƙin Bombay aka haifi mawaƙiya Lorna Cordeiro ranar 9 ga Agusta, 1944, iyayenta kuwa mutanen ƙauyen Saligao ne da ke Goa, kuma a kanta nake son yin magana, domin yadda ake ba da labarinta ya daɗe yana damuna.

Harshen mutanen Goa shi ne Konkani, kuma suna da wasan kwaikwayo nasu na dandamali da suke kira tiatr, wanda aka fara a Bombay ranar 17 ga Afrilu, 1892, lokacin da Lucasinho Ribeiro ya nuna wasansa na farko. Tsarinsa yana da ban sha'awa. Ana raba wasan kashi shida ko bakwai, duk lokacin da aka sauke labule domin sauya fage sai mawaƙi ya fito gaban labulen ya rera waƙa da ake kira kantar, wadda sau da yawa ba ta da alaƙa da labarin wasan, sai dai ta taɓo tsadar rayuwa ko halin shugabanni ko rikicin cikin gida. A farkon lamari maza ne ke sanya tufafin mata su fito a matsayinsu, har sai 1904 da Regina Fernandes ta hau dandamali a wasan mijinta, João Agostinho Fernandes. Duk da haka an ɗauki shekaru masu yawa ana kallon macen da ta shiga wannan sana'a da ido ɗaya, kuma mata irin su Mohana Cabral da Shalini Mardolkar sun sha surutun mutane kafin a saba. Wannan ita ce al'adar da waƙoƙin Lorna suka tsiro a cikinta.

Tana budurwa tana waƙa a bukukuwan aure sai Chris Perry ya ji muryarta. Shi mai busa ƙaho ne kuma mai tsara waƙa, haifaffen garin Margao na Goa a 1928, wato ya girme ta da shekara 16, yana da mata da 'ya'ya. Ya horar da ita horo mai tsanani, ya koya mata numfashi da tsayuwa a gaban jama'a, sannan ya sanya ta a ƙungiyarsa da ke kiɗa a gidan rawa na Venice da ke otal ɗin Astoria a Bombay. Abin da suka yi tare ya sauya waƙar Konkani baki ɗaya, domin Perry ya ɗauko kiɗan jaz da ake yi wa masu kuɗi a otal, ya ɗora masa kalmomin harshen da kuku da ma'aikacin jirgin ruwa suke yi a ɗakunan hayarsu, ita kuma Lorna ta rera su da murya mai ƙarfi da kauri wadda ba ta ɓuya a bayan kiɗa. Waƙarta mai suna Bebdo, wadda mace ke kukan auren mashayi, har yau ana rawa da ita a bikin aure a Goa, alhali abin da take faɗa zafi ne tsantsa. Ta kuma yi waƙa da Mohammed Rafi cikin harshen Konkani, abin da ke nuna inda ta kai a lokacin.

A nan ne labarin ya karkata. Kamar yadda ya shahara a tsakanin mutanen Goa, Perry ya sa ta sanya hannu a wata yarjejeniya ta shekara 20 wadda ta hana ta yin waƙa da kowane makaɗi ba da izininsa ba. Da suka rabu a farkon shekarun 1970, shi ya ci gaba da sana'arsa har ya tafi Dubai, ita kuwa ta yi shiru. Mace da ba ta kai shekara 30 ba, muryarta na kan ganiyarta, ta koma aiki a wurin likitan haƙori, ta faɗa cikin baƙin ciki da shan giya, yayin da faya-fayanta ke ta juyawa a gidajen rediyo da wuraren biki.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne yadda aka mayar da wannan abu labarin soyayya mai taɓa zuciya, kamar ƙaddara ce kawai ta raba masoya biyu. Ban musa cewa akwai shaƙuwa a tsakaninsu ba, ban kuma rage wa Perry komai daga gwanintarsa ba, domin waƙoƙin nasa ne kuma ita kanta ba ta daina yaba masa a matsayin malaminta ba. Amma malami da ya koya wa ɗalibi sana'a ba ya zama mai mallakar maƙogwaronsa. Takardar da ta ɗaure yarinya shekara 20, ta bar namijin da ya rubuta ta yana yawo duniya da ƙahonsa, zalunci ce ko da an yi ta cikin so. Laifin kuma bai tsaya a kan mutum ɗaya ba. Akwai makaɗa da masu shirya wasanni da suka san inda take, akwai dubban masu sauraro da suke rera waƙoƙinta a kowane taro, amma aka ɗauki fiye da shekara 20 kafin wani ya dage a kan dawo da ita.

Wanda ya yi wannan dagewa shi ne makaɗi Ronnie Monsorate, wanda ya yi ta lallashinta har ta yarda. Ranar 1 ga Disamba, 1995, ta hau dandamali a bakin tekun Miramar da ke Panaji, babban birnin Goa, tana da shekara 51, a gaban taro mai ɗimbin yawa wanda da dama daga cikinsu sun girma da muryarta ba su taɓa ganin fuskarta ba. Mutane suna ambaton wannan dare a matsayin nasara, kuma nasara ce, sai dai ni idan na tuna shi, waƙoƙin da ba a taɓa naɗa ba tsakanin shekarunta 30 da 50 nake lissafawa, wato shekarun da muryar mawaƙiya ke cika ta nuna.

A 2014 Bardroy Barretto ya fitar da fim mai suna Nachom-ia Kumpasar, wanda ya ginu a kan rayuwarsu ko da yake an sauya sunaye, kuma ya samu lambar yabo ta ƙasa a Indiya. Na yaba masa musamman don ya fito da makaɗan Goa da masana'antar fim ta ci guminsu ba ta rubuta sunayensu ba. Perry ya rasu a watan Janairun 2002. Lorna kuwa ta ci gaba da zagaya wuraren da 'yan Goa ke zaman ci-rani, daga ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha zuwa Ingila da Kanada, kuma mafi yawan abin da jama'a ke roƙon ta rera musu waƙoƙin nan ne da suka naɗa tare kafin rabuwarsu.