Kuɗin turaren Inna

Ƙarshen kowane wata nakan aika kuɗi gida Damagaram, kamar yadda kusan duk ƴan Nijar da na sani a nan Liyon ta Faransa suke yi. Shekara takwas ke nan. Shida daga cikinsu na yi su ina bin kuɗin da lissafi: buhun gero, shinkafa, kuɗin makarantar yara, kuɗin ruwa, maganin hawan jinin Inna. In lissafi bai cika ba sai in buga waya in ji ba'asi.

Wata rana ƙanena yana karanto mini abin da aka kashe, ya zo wani wuri ya yi jim, sannan ya ce, "Yaya, sai jikka biyu da Inna ta sayi turaren wuta, da jikka ɗaya ta sukari da ganyen shayi." Na hau faɗa. Na ce ina tashi tun asubar fari cikin sanyi, ina ɗaga tsofaffi ina yi musu wanka a gidan da nake aiki, ba don a ƙona gumina a kasko ba. Ashe Inna tana kusa, ta ji duka. Ta karɓi wayar ta ce, "Ke ƴar nan, Allah ya yi miki albarka. Ba za a ƙara ba." Ni ce ƴar fari, ba ta taɓa kiran sunana ba tunda aka haife ni, kuma ban taɓa jin nauyin wannan kunyar tata ba kamar ranar.

Jikka uku, sefa dubu uku ke nan. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ƴan kai, wato abin da na yi wa mahaifiyata faɗa a kansa bai kai yuro biyar ba. A safiyar ranar, kafin in shiga aiki, na tsaya na sayi kofi da kurwasan, ɗan burodin nan na Faransawa, da kusan wannan kuɗin, na shanye a tsaye, ban ko tuna ba sai da dare.

Ba ni kaɗai ba ce. Duk inda muka haɗu, ko a gidan suna ko a shagunan unguwar Giyotiyar inda muke sayen kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, hirar ɗaya ce: mutanen gida ba su san zafin nema ba, ka aika don abinci su sayi kilishi, su sayi lalle, su zauna shan shayi. Na daɗe ina cikin masu wannan magana. Yanzu ina ganin zalunci ne muke yi, kuma zama a ƙasar nan ne ya nuna mini haka.

Mutanen Faransa ba su jin kunyar faranta wa kansu rai. Abokiyar aikina, wadda albashinmu ɗaya kuma tana riƙe da yara biyu ita kaɗai, duk ranar Juma'a takan sayi ƴan furanni ta kai ɗakinta. Furen da ba a ci, ba a sha, bayan kwana biyar ya bushe a zubar. Na tambaye ta dalili, ta dube ni da mamaki ta ce in ta buɗe ƙofa ta gan su takan ji mako ya ƙare lafiya. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura tasa'in, hannunta na rawa, amma ba ta yarda a fito da ita falo sai an shafa mata jan baki an fesa mata turare. Kuma a wurin aikin an koya mana cewa wannan yana cikin kulawa, daidai da ba ta magani a kan lokaci. Ni da hannuna nake fesa mata turaren kowace safiya, sannan in koma ɗaki in hana uwata nata.

Sai ka san Damagaram kafin ka san abin da turaren nan yake nufi. Garinmu a kan dutse yake zaune, duk wanda ya taɓa ratsa Birni, tsohuwar unguwar garin, ya ga manyan duwatsun nan a tsakanin gidaje. Ruwa bai taɓa wadatar mu ba. Har ana cewa ƙarancinsa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai a 1926. Daga rijiyoyin Gogo da Arunguza ake turo ruwan, kuma in bazara ta yi tsanani, watan Afrilu da Mayu, famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, ƴan garuwa su tsawwala kuɗi, mata su kwana a bakin famfo da jarkoki. Inna ta yi fiye da shekara arba'in tana auna ruwa da kwano: wannan na girki, wannan na alwala, na wanke-wanke a zuba wa awaki. Macen da ta yini a haka, ta share tsakar gida ƙura ta dawo, ta sake sharewa, in magariba ta wuce sai ta ɗebo garwashi daga murhu ta zuba a kasko, ta barbaɗa turarenta mai kajiji da sandal, ta turara ɗaki, ta turara zanenta, ta zauna. Wannan ƴan mintocin ne kaɗai nata a duk yinin. Hayaƙin nan ne yake gaya mata cewa ita ba jakar gida ba ce, mace ce mai tsafta da daraja. Ko Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, an san shi da son turare.

A nan ni ruwan zafi nake sakar wa kaina in na dawo aiki, in tsaya a ƙarƙashinsa har gajiya ta sake ni. Ruwan da nake zubarwa a wanka ɗaya zai yi wa gidanmu yini. Ba wanda ya taɓa neman in kawo lissafinsa. Turaren wuta kuwa, abin da nake ta marmari, da ƙyar nake samun kunna shi, don tun 2015 doka ta wajabta sa na'urar jin hayaƙi a kowane gida a Faransa, kuma da hayaƙi ya taso sai ta hau ƙara har maƙwabta su leƙo. Sai in buɗe taga cikin sanyin Janairu, in sa ɗan kaɗan, in tsaya kusa. Ranar da na fara yin haka na yi kuka, don ƙamshin ɗakin Inna ne ya cika mini ɗaki.

Maganar shayi ta fi wuya, kuma ba zan ɓoye ba. Akwai samarin da fada, wato majalisar shan shayi, ta zame musu wurin kashe rayuwa, daga hantsi har tsakar dare suna kan benci, wasu ma abin ya wuce shayi ya kai ga ƙwaya. Duk ɗan Zinder ya san wannan. Amma ƙanena ba ya cikinsu. Yana tuƙa kabu-kabu tun safe, daga Zango zuwa Kasuwar Dole zuwa tasha, rana na dukan ƙeyarsa. Bayan isha'i yakan zauna da abokansa huɗu a ƙofar gida, a hura gawayi a ɗan murhun waya, a ɗora buta. Na fari mai ɗaci, na biyu da dama-dama, na uku zaƙi da na'ana'a. A ɗaga buta sama a tsiyaya, a mayar, a sake, har kumfa ta tsaya a kofi. Abin da za a shanye da kurɓi uku sai ya ci awa biyu, kuma awa biyun nan su ne abin da ake nema. A nan ake jin wa ke neman mai gadi, wa matarsa ta haihu, wa aka kwantar a asibiti a haɗa masa dala ashirin-ashirin. Duk wanda ya wuce aka yi masa tayi. Kofin da nake sha a wurin aiki inji ne yake zubo shi a kofin takarda cikin daƙiƙa talatin, ya fi nasu tsada nesa ba kusa ba, kuma bai taɓa haɗa ni da kowa ba.

Abin da na lura da shi ke nan tsakanin wuraren biyu. A nan ɗan daɗin da mutum zai ji nasa ne shi kaɗai, ya saya da kuɗinsa, ba ya ɓoyewa, ba ya neman izini. A gida kuwa ba a cin daɗi a ɓoye wa ido. Baba, Allah ya ji ƙansa, in ya dawo da dare da tsire ko kilishi a ƙunshe cikin takarda, sai an tashi har wanda ya yi barci, kowa ya samu ɗan yanki kamar ɗan yatsa. Rake in ya zo daga Gidimuni a sassara shi gaɓa-gaɓa a bi yara. Kayan lambun Mirya in sun shigo lokacin sanyi, a yi kwaɗon salati a babban tire kowa ya sa hannu. Fura mai sanyi da nono da rana tsaka, ludayi ɗaya yana zagayawa. Wannan kyakkyawar tarbiyya ce, ina alfahari da ita. Sai dai tana da wani gefe da ba mu faɗa: a cikin rabon nan uwa ce kullum ta ƙarshe. Ban taɓa ganin Inna ta ci rabonta na kilishi ba, sai ta ce haƙori na damunta ta miƙa wa auta. Alkaki da nakiya da take yi da sallah na baƙi ne. Turaren nan shi kaɗai ne abin da ba a iya yankawa a raba wa yara, shi ya sa ya zama nata.

In ana neman inda kuɗi ke zurarewa a Damagaram, ba a kasko ba ne, ba a buta ba ne. A duba biki. A duba akwatunan lefe da ake ciwo bashi a cika, da anko kala uku, da gasar kayan ɗaki da ke sa uba ya sayar da gona. Abin mamaki, mu na waje mu ne kan gaba wajen aika kuɗin waɗannan, ba ma tambaya, don za a ɗauki hoto a ce ƴar wance da ke Faransa ce ta yi. Almubazzarancin da za a yabe mu a kansa muna biya da murna, dala ɗari ta goron tsohuwa kuwa sai mun yi bincike. Allah ya ce a ci a sha kada a yi ɓarna, bai ce a ƙuntata wa rai ba. Hausawa ma sun ce rai dangin goro ne, sai ana ba shi iska.

Na san masu cewa zamani ya yi tsanani, kuma gaskiya ne. Da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabo, garin da yake ciniki sosai da Kano ya ji a jikinsa, kuma mu ma nan haya da wuta ba su bar mu mun numfasa ba. Wanda yake aika kuɗi yana da haƙƙin ya san an sayi hatsi an biya makaranta. Amma lokacin tsanani ne mutum ya fi bukatar ɗan abin da zai riƙe shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma mu da ke nesa mun daɗe ba mu kwana a ɗakin ba.

Wata biyu bayan wannan faɗan na tambayi ƙanwata ko Inna tana turara ɗaki. Ta ce tun ranar ta kife kaskon a bayan randa. Na roƙi Inna gafara, ta ce ba komai, amma ba ta ɗauko shi ba. Sai da na canza yadda nake aikawa: kuɗin gida daban a hannun ƙanena, da jikka ɗaya a kai ta shayinsu, sannan jikka biyar daban a hannun ƙanwata, da sharaɗin ta je da kanta wurin matar da ke haɗa turare a unguwarmu ta sayo, ta haɗa da humra ƙaramar kwalba, ta ajiye a ɗakin Inna ba tare da ta ba ta kuɗin a hannu ba. Na san in kuɗi ne, takalmin jika za su zama.

Watan jiya muna waya bayan magariba na ji Inna tana cewa wata yarinya ta miƙo mata garwashi. Ƙanwata ta ce rabin turaren Inna ta riga ta ƙulle shi a leda ta aika wa Goggo a Birni, sauran kuma tana sa shi ɗan kaɗan-kaɗan don ya kai ƙarshen wata.