Gogaggen Tambari a Bindigar Arisaka Ba Alamar Jabu Ba Ne

Masu tara tsofaffin makamai da dama suna ɗauka cewa bindigar Japan ƙirar Arisaka, samfurin 99 da aka fara ƙerawa a 1939, jabu ce muddin an kankare tambarin furen da ke samanta. Wannan kuskure ne. Furen mai ganye 16 hatimin Sarkin Japan ne, kuma bayan miƙa wuya a 1945 an goge shi daga bindigogi masu yawa don kada alamar sarauta ta faɗa hannun abokan gaba. Gaskiya ne wadda furenta ke nan ta fi tsada, amma mai saye ya duba ko lambobin sassanta sun dace da juna, domin sabon fenti ko sassan aro su ma suna zubar mata da daraja.