"I'm coming" ba ita ce "ina zuwa" ba

Jama'a, ku lura da wannan. Mutum yana zaune da baƙo a ofis, sai ya miƙe ya nufi ƙofa ya ce "I'm coming". Bahaushe ya gane nufinsa: ina zuwa, zan fita in dawo yanzu. Mai jin Turancin Buroka (Pidgin) ma ya gane, don suna da "I dey come". Amma Baturen Ingila ko Amurka zai bi ka da kallo, ka ce masa kana tahowa, ga shi kuma ka ba shi baya.

Matsalar tana cikin kalmar "come". Turawa suna faɗinta ne idan tafiyar ta nufi wurin mai magana ko wurin wanda ake yi wa magana. Mu ma muna da wannan bambancin, har mun fi su tsari: tafi da taho, fita da fito, kai da kawo. To "come" taho ce. Saboda haka "I'm coming" na nufin "ga ni nan tafe". Uwa ta ƙwala maka kira daga tsakar gida, ka amsa "I'm coming!" kana nufo ta, wannan daidai ne. Ka ce wa ɗan'uwanka da ke Kano "I'm coming to Kano on Friday", shi ma daidai ne, tunda can yake. Idan ku biyun kuna Zariya ne, kuma kai kaɗai za ka tafi, sai "I'm going to Kano".

In za ka fita ka dawo, ka ce "I'll be right back". Ka san minti nawa za ka yi? "I'll be back in ten minutes". A gaban manya, "Excuse me for a moment". A waya, "Hold on". Sai "I'm on my way", wadda ake faɗa bayan an kama hanya, ba lokacin da ake neman takalmi ba.

Ni ban ga abin gori ba idan 'yan Najeriya suka faɗi "I'm coming" a junansu, ana fahimta. Ƙamus ɗin Oxford ma ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya 29 a Janairun 2020, ciki har da "okada" da "Kannywood". Inda take yin ɓarna shi ne hirar neman aiki, jarrabawar IELTS ta gwada iya Turanci, ko ganawa da abokin ciniki na waje ta Zoom: ka ce "I'm coming", ka tashi daga gaban kyamara, shi kuwa ya rasa ina za ka zo.