Sauran aiki kafin a dasa zuciyar da aka gina

Labarin da ke cewa majinyata sun kusa daina jiran kyautar gaɓa, saboda za a iya gina musu zuciya a ɗakin gwaje-gwaje, ya yi gaggawa. Tun 2008 Doris Taylor da Harald Ott a Jami'ar Minnesota suka wanke zuciyar ɓera da sinadari mai kama da sabulu har ƙwayoyin halittarta suka fita, ya rage farin ƙwarangwal, sannan suka zuba sabbin ƙwayoyi. Bayan kwana 4 ta fara bugawa, a kwana na 8 kuma ta fara harba ruwa, amma da kusan kashi 2 cikin 100 na ƙarfin da ake bukata. Inda gizo ke saƙar shi ne jijiyoyin jini, domin muddin ƙwayoyi ba su lulluɓe cikinsu gaba ɗaya ba, jini zai daskare da zarar an dasa gaɓar.