Kara ba ta raya manhaja

Tun ranar da na sanar cewa cibiyar renon kamfanonin fasaha da muka nema da manhajarmu ba ta ɗauke mu ba, saƙonni ke ta shigo mini. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Amma akwai magana ɗaya da ta yi ta maimaituwa wadda ban yarda da ita ba, wato an ƙi mu ne don mun fito daga Katsina, ko don ba mu da kowa a can. Na kwana biyu ina juya maganar a raina, kuma na ga idan na yi shiru na bar ta a haka, na cuci ƙannenmu da ke shirin nema a bayanmu.

Ga wanda bai san harkar ba, akwai cibiyoyi da aikinsu shi ne renon jariran kamfanonin fasaha. Su ba ka jari, su zaunar da kai kamar wata uku suna yi maka horo, a ƙarshe su tsayar da kai gaban masu zuba jari, su kuma su karɓi wani kaso na kamfaninka. Wadda ta fi suna ita ce Y Combinator ta Amurka, da aka kafa a 2005. Tun 2022 tana ba kowane kamfani dala 500,000, inda dala 125,000 daga ciki take a madadin kashi 7 cikin 100 na kamfanin. Ta nan Airbnb, kamfanin hayar masauki ta intanet, ya bi a 2009. Ta nan Paystack mai harkar biyan kuɗi ta intanet ya bi a 2016, kamfanin Najeriya na farko da ya shiga, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saye a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. Duk matashin da ke rubuta manhaja a ƙasar nan ya haddace wannan labari. Abin da ba mu cika faɗa wa juna ba shi ne waɗanda ake ɗauka ba su wuce biyu cikin ɗari na masu nema ba, kuma hirar da ake yi da wanda ya kai matakin hira minti goma ce kacal. Tamu cibiyar wata ce daban, amma tsarin kusan duk ɗaya ne.

Manhajarmu ta zumuncin unguwa ce. Sanarwar suna, ɗaurin aure, rasuwa, cigiyar yaro ko akuya, duk da murya, don wanda bai iya karatun boko ba ma ya ji. Mu biyu muka gina ta, ni da wani abokina da muka gama makaranta tare, cikin kusan shekara guda, mafi yawa da dare.

Daren da muka zauna cike fom ba zan manta da shi ba. Muna shagon wani yayanmu mai gyaran waya a wajen Ƙofar Ƙwaya, don shi ke da sola. Tambayoyin farko muka wuce su da gudu: me kuke ginawa, su wa ke da shi, wa ya rubuta manhajar. Sai muka iso inda aka ce mutum nawa ke amfani da ita. Abokina ya ce mu rubuta dubu da ɗari biyu, don adadin waɗanda suka sauke ke nan. Na ɗora yatsu zan rubuta, sai na ga layin da ke ƙasa yana tambayar nawa ne ke dawowa duk mako. Muka buɗe lissafin. Talatin da bakwai. A cikinsu akwai ni, akwai shi, akwai ƙannena biyu. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai fankar da ke juyawa a kan teburi. Mun san wannan adadi tun da daɗewa, kawai dai ba wanda ya taɓa tilasta mana mu kalle shi.

To daga ina mutum dubu da ɗari biyun suka fito? Daga kara.

Ana yi wa garinmu kirari da ɗakin kara, kuma ina alfahari da hakan har cikin raina. Kara ce ke sa maƙwabci ya rufa maka asiri, ita ke sa babba ya saurari yaro bai gwale shi ba. Amma wallahi ga mai gina manhaja, kara tana iya rufe masa ido shekara guda. Na tura adireshin saukewa a zauren 'yan ajinmu, na tura a na dangi, na bi abokai ɗaya bayan ɗaya ina cewa don Allah a taimaka a sauke. Aka sauke. Aka ba mu taurari biyar. Aka rubuta "Ma sha Allah, Allah Ya ɗaukaka." Babu mutum ɗaya da ya ce mini abin nan yana cinye masa data, ko ya buɗe bai tarar da kowa ba ya rufe. Ba za su faɗa ba, don suna jin nauyina. Bayan kwana uku waya ta ce wuri ya cika, sai su goge tamu su bar hotunan biki, kuma gaskiyarsu ne.

Wadda ta fara gaya mini gaskiya Gwaggona ce. Ita ce mai riƙe da adashin matan layinsu, kuma duk sabgar da za a yi a unguwar sai ta bi ta hannunta. Na je gaishe ta wata Juma'a bayan an sauko, na tarar tana tsince shinkafa a faifai, na karɓi wayarta na ga manhajarmu na nan ba a taɓa buɗe ta ba tun ranar da na saka mata. Na ce, "Gwaggo, ashe ba ki duba abin nan?" Ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, in duba in ga wa? Hajiya ta gidan ƙasa tana ciki? Maman 'yan biyu tana ciki? In an yi haihuwa kafin a wanke jariri na ji a WhatsApp. Mi naka ya fi shi da shi?" Na buɗe baki zan yi mata bayanin tsarin da muka yi wata huɗu muna gyarawa, sai na fasa, don babu ko ɗaya a ciki da ke amsa tambayarta. Daga baya na lura tambayar nan tata tana cikin fom ɗin, kusan kalma da kalma: su wa kuke gogayya da su, kuma me kuka gane wanda su ba su gane ba.

Wahalar manhajar zumunci ke nan, kuma ta bambanta da sauran. Manhajar tura kuɗi ko ta lissafin shago tana yi maka amfani ko da kai kaɗai ne a kanta. Ta zumunci kuwa kamar zaure ce. Ko ka shimfiɗa darduma ta Makka, in mutum ya leƙo bai ga sa'o'insa ba zai juya. Mu da muka yi zamanin manhajar hira ta 2go mun ga yadda ya cika maƙil, mun kuma ga yadda ya watse lokacin da abokai suka koma WhatsApp. Ba wanda ya yi shela a bar shi, kowa dai ya bi nasa. Shi kansa Facebook da ya fara a 2004, ɗaliban jami'ar Harvard kaɗai ke iya shiga, sai da ya cika can kafin ya leƙa wasu makarantu. Mu kuwa mun warwatsa mutanenmu: goma a Funtua, biyar a Daura, wasu a Kano, wasu har Maraɗi, ba wanda ya san wani. Da mutum ɗari ne a layi ɗaya, da mun fi ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ba ina cewa babu cikas na gaske ba. Akwai, kuma ina jin zafinsu. Kafin ka saka manhaja a Play Store sai ka biya dala 25, na Apple kuma dala 99 duk shekara, kuma samun katin da zai biya dala ya taɓa cinye mana mako biyu. A Play Store, sabon asusu na mutum ɗaya sai ya tara masu gwaji 12 sun riƙe manhajar kwana 14 kafin a bar ta ta fita. Wuta kowa ya san halinta. A 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, kuma duk mai zuba jarin da ya san haka dole ya yi tunani. Yaron da ke Yaba a Legas yana iya takawa da ƙafa zuwa cibiyar fasaha ta CcHub, ya sha shayi da wanda ya taɓa shiga irin wannan shiri, ya duba masa fom. Mu kuwa in muna neman irin wannan sai mu nufi wuri kamar cibiyar CoLab a Kaduna. Dokar tallafa wa sababbin kamfanonin fasaha ma, ɗan Daura ne, shugaban ƙasa na lokacin Muhammadu Buhari, ya sa mata hannu a Oktoban 2022, amma samari nawa ne a Daura ko Katsina suka san cewa kamfanin da ke da rajistar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wanda bai wuce shekara 10 ba, yana iya neman shaida a ƙarƙashinta ta hannun hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA? Wannan gibi ne, kuma haƙƙin jami'o'inmu ne, daga Umaru Musa Yar'adua zuwa Al-Qalam da ta Dutsin-Ma, su riƙa kawo wa ɗalibai waɗanda suka bi hanyar. Sai dai ko da an kawar da duk waɗannan a daren nan, talatin da bakwai ɗinmu tana nan talatin da bakwai.

Akwai kuma abin da nake so ƙannena su sani game da kuɗin kansa. Ba kyauta ba ne, ba kuma irin tallafin dala 5,000 na gidauniyar Tony Elumelu ba ne. Kaso ne na kamfaninka ka sayar har abada, sau da yawa kuma sai ka sake yi wa kamfanin rajista a ƙasar waje. Wanda ya ba ka yana jiran ya ga ka ninka sau goma, sau ɗari, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada ka sa hannu a takardar da lauya bai karanta maka ba, in kuma zuciyarka na da shakka ta fuskar addini, ka kai wa malamin da ya san harkar ciniki. Wata sana'ar ma ba ta buƙatar wannan hanya sam, kuma ba aibi ba ne.

Duk da haka ina cewa a nema. Fom ɗin kyauta ne, kuma shi kaɗai ne a cikin shekarar nan bai yi mana kara ba. Abin da ba na so shi ne a dakatar da aiki ana jiran amsa, kamar yadda muka yi mako shida muna duba imel safe da yamma.

Yanzu mun rufe ko'ina mun koma unguwa ɗaya, ta Gwaggo. Mun cire abubuwa bakwai daga manhajar mun bar biyu: sanarwa da murya, da tunatarwar ranar zubin adashi, wanda ita ta ce shi ne ke ba ta ciwon kai don a WhatsApp saƙon yana nutsewa cikin gaisuwa da hotuna. Mun je wurin Mai Unguwa da Liman mun yi musu bayani. Ƙanwata ke shiga gidaje tana saka wa mata da hannunta, tana zama har sai kowace ta tura saƙon farko da kanta, mu kuma muna tsaye a ƙofar gida muna rubuta duk inda aka ce ta maƙale. Ranar Talata wata tsohuwa ta aiko jikanta har shagon yayanmu, wai ƙararrawar zubi ba ta buga mata ba, a zo a gyara. Tun da muka fara aikin nan ban ji daɗin wani saƙo kamar wannan ƙorafi ba.

Don haka yau ba roƙon saukewa na zo yi ba. In kana cikin waɗanda suka sauke don ni suka goge, don Allah ka ajiye kunya ka rubuto mini dalili, ko da kalma uku ce, ba zan riƙe ka a rai ba. Za mu sake cike fom in an buɗe zagaye na gaba, in Allah Ya kai mu. Gobe Asabar kuma da hantsi muna layin bayan masallaci, gida tara suka rage mana.