Katangar da Muka Gina Tsakanin Ajin Kimiyya da Ajin Tarihi

Duk shekara, idan yara suka gama ƙaramar sakandare, akan yi wani rabo a gidajen Katsina wanda ba mu cika tsayawa mu dube shi ba. Wanda ya ci lissafi sai a tura shi ajin kimiyya, gida ya cika da murna, 'yan uwa su fara kiransa Likita. Wanda bai ci ba kuwa sai a ce ya je ajin adabi, ana faɗa da muryar jaje. Daga ranar nan na farkon ya yi bankwana da tarihi, na biyun ya yi bankwana da ɗakin gwaji. A ganina asara muke tafkawa, kuma mu Katsinawa ne ya fi kamata mu gane haka, domin malaman garin nan ba su san wannan katanga ba.

Ku tuna Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi. Bakatsine ne da ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira, ya koyar a can har ya rasu a 1741. A 1732 ya yi rubutu a kan hatimi, wato jadawalin nan mai gidaje da ake jera lambobi a ciki ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya. Mai gida uku-uku jimlarsa 15 ce, mai biyar-biyar 65. Ya bayyana ƙa'idojin cike masu gidaje mara, wato irin uku-uku da biyar-biyar, kuma har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Mutumin nan malamin addini ne, masanin Larabci, masanin taurari, masanin lissafi. Wane aji za mu sa shi a makarantunmu na yau?

Na san wani zai ce ai hatimi kayan tsibbu ne. Gaskiya ne, mutanen zamaninsa sun haɗa shi da asirai, shi ma bai fita daga wannan tunani ba. To a nan ne ma darasin yake. Yaron da aka nuna wa yadda lissafi tsantsa ya rayu cuɗe da camfi, aka koya masa ware wanda hujja ta tabbatar daga wanda aka gada kawai, ya fahimci ma'anar kimiyya fiye da wanda ya haddace ƙa'idoji ɗari don jarrabawa. Tambayar "ta yaya ka sani?" tambayar falsafa ce, kuma ita ce uwar kowane gwaji. Ita ce ta sa Ibnul Haisam, masanin kimiyya Balarabe, ya yi wa Batlamusa, tsohon masanin taurari na Iskandariyya, gyara a kan tafiyar taurari, duk da ɗaruruwan shekarun da aka yi ana karɓar maganarsa.

Shi ma tarihin ba ya tsayawa da ƙafafunsa shi kaɗai. Tuddan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani sun daɗe a bakin masu ba da labari a matsayin makwancin sarakunan farko. Da aka yi tono a 1992, aka samu kwanonin ƙarfe, da wuri, da duwatsun ado, awon kimiyya ne ya nuna wasu kaburburan sun kai wajen ƙarni na 14, ya kuma nuna wasu kayan daga nesa ƙwarai suka zo. Abin da kaka ta faɗa da baki, ɗakin gwaji ya sa masa shekara.

Amma inda abin ya fi ci mini rai shi ne harkar lafiya. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, Kano ta yi kusan shekara guda a haka, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Maganin ba shi da aibu. Sai dai jama'a ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara wajen 200 masu sanƙarau, kusan rabinsu aka ba su maganin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ma'aikacin da ya zo ƙofar gida da akwatin sanyi amma bai san wannan labari ba, zai ɗauki maigida jahili, alhali mutumin tsoro ne da shi mai dalili. Sai da aka koma ga sarakuna, hakimai, masu unguwanni da limamai, mutanen da suka san harshen jama'a da abin da ya wuce, kafin a kai ga 2020, shekarar da aka tabbatar an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka.

Iyaye za su ce lokaci ya yi kaɗan, JAMB ba ta tambayar ɗan kimiyya tarihi, kuma aiki ake nema. Ban raina wannan damuwa ba, talauci ba wasa ba ne. Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba: darasin tarihi ɗaya a mako ga 'yan kimiyya, darasin lissafi da kimiyya mai ma'ana ga 'yan adabi, sannan jami'o'inmu, ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma da Alƙalam, su riƙa haɗa malaman ɓangarorin biyu a kwas guda. Malamin lissafi kuma ba sai ya jira ma'aikatar ilimi ba. Gobe ma yana iya kwasar ajinsa zuwa gindin Hasumiyar Gobarau, ya zana gidaje biyar-biyar a ƙasa, ya ce su nemo 65 ta kowane ɓangare, in sun gaji ya faɗa musu sunan ɗan garinsu da ya koyar da hanyar a Misira.